Ku Bar Ta Ta Karanta Ilimin Zamantakewa

Makon jiya 'yar yayata ta faɗi abin da take so ta karanta a jami'a, sai ɗakin ya ɓarke da dariya. Ilimin zamantakewa ta ce, wanda ake kira soshiyoloji. Aka tambaye ta dalili, ta ce tana so ta taimaka a magance matsalolin al'umma, ta lissafa shaye-shaye da mutuwar aure da yaran da ke barin makaranta.

Wani baffanta ya gyara zama ya ce, "To ai ni ma farfesa ne a wannan fanni. Kullum sai mun zauna da abokaina mun tattauna matsalolin al'umma, kuma ba mu biya kowa kuɗin makaranta ba." Aka sake kwashewa da dariya. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara cewa uffan ba.

Ni ma ban ce komai ba a wurin, shirun nan kuwa yana cina har yau. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ra'ayina a taƙaice shi ne a bar ta ta karanta. Masu dariya ba su san abin da suke yi wa dariya ba. Sai dai ita ma dalilinta yana buƙatar gyara, domin babu wanda zai miƙa mata maganin shaye-shaye ranar da ta karɓi digiri. Abin da fannin ke koyarwa shi ne yadda ake gano ainihin ciwon da ke damun jama'a, da yadda ake auna ko maganin da aka ba su ya yi aiki. Duk wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, bai taɓa ganin yadda ake narka dukiya da shekaru ana jinyar abin da ba shi ne ciwon ba.

"Ai kowa ya san matsalar"

Wannan ita ce hujjar baffan nata, kuma ita ce ta fi farin jini. Ba wanda zai ce ya san aikin tiyata don yana da ciki, ko ya san gyaran jirgin sama don ya taɓa shiga. Amma da yake kowa a cikin al'umma yake rayuwa, kowa yana ganin ya gama saninta.

Ka tambayi mutum goma me ke kawo talauci, bakwai za su ce maka lalaci. Haka masu hali a Ingila suka yi imani a ƙarni na 19: talaka malalaci ne ko mashayi. A 1886 wani attajiri mai jiragen ruwa, Charles Booth, ya ɗauki mutane aiki suka bi birnin Landan titi-titi suna tattara bayanin kowane gida, suka zana taswira mai launuka da ke nuna halin kowace unguwa. Aikin bai kammala ba sai 1903, a littattafai 17. Ya gano kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen birnin da ya fi kowane birni arziki a lokacin suna cikin talauci. Da ya bi diddigin dalilai, shaye-shaye da zaman kashe wando ƙaramin kaso suka ɗauka. Mafi yawa ƙarancin albashi ne, da aikin da yau akwai gobe babu, da ciwo, da tsufa.

Seebohm Rowntree ya yi irin wannan a birnin York, ya buga sakamakonsa a 1901, adadin da ya samu bai yi nisa da na Landan ba. Booth ya koma yana fafutukar a riƙa biyan tsofaffi fansho, a 1908 kuwa Birtaniya ta yi dokar. Ba bincikensu kaɗai ya kawo dokar ba, siyasa ta yi nata aikin. Amma bayan an shimfiɗa taswirar nan a gaban 'yan majalisa, ya yi wuya mutum ya miƙe ya ce tsohuwar da ta shekara arba'in tana wanki lalaci ne ya talauta ta.

Akwai misalin da masanin zamantakewa Ba'amurke C. Wright Mills ya bayar a 1959 wanda nake so duk mai irin bakin baffan nan ya ji. Idan a birni mai mutum 100,000 aka sami mutum ɗaya ba shi da aiki, to a duba halinsa da abin da ya iya. Idan kuwa a ƙasa mai ma'aikata miliyan 50 aka sami miliyan 15 suna zaune, ba za a ce duk rana ɗaya suka tashi da ƙiwuya ba. Wani abu ne ya lalace a tsarin. Rarrabe waɗannan biyun, wato matsalar mutum shi kaɗai da matsalar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ne darasin farko na fannin, kuma shi ne abin da zaman hira ba ya iya yi. A zaman hira kowa labarin maƙwabcinsa yake kawowa, wanda ya fi iya baki shi ke cin muhawara.

Emile Durkheim, masanin zamantakewa Bafaranshe, ya ɗauki abin da ake gani ya fi komai zama sirrin zuciyar mutum, wato kashe kai, ya nuna a 1897 cewa shi ma yana da tsari. Adadin ya fi yawa a cikin gwauraye a kan magidanta, yana raguwa lokacin yaƙi da jama'a ke dunƙulewa. Na baya sun sami kurakurai a alƙalumansa, sun gyara. Abin da ya tsaya shi ne cewa yawan igiyoyin da suka ɗaure mutum da sauran mutane yana da hannu a rayuwarsa da mutuwarsa.

Kusan shekara ɗari bayan haka aka ga wannan ƙiri-ƙiri a birnin Shikago na Amurka. A watan Yulin 1995 an yi wani matsanancin zafi, cikin mako guda mutum 739 suka mutu. Bayanin da ya fi sauƙi shi ne zafi ne ya kashe tsofaffi da talakawa, ƙaddara ce, shi ke nan. Wani masanin zamantakewa, Eric Klinenberg, ya ɗauki unguwanni biyu da ke maƙwabtaka, North Lawndale da South Lawndale, dukkansu na marasa ƙarfi, rana ɗaya ce ta gasa su. Amma in aka auna da yawan jama'a, mutuwar da aka yi a ta farko ta ninka ta biyun kusan sau goma.

Me ya bambanta su? A ta farko masana'antu sun rufe, shaguna sun tashi, gidaje sun zama kango, tsoho yana tsoron buɗe taga balle ya fito, sai ya mutu a kulle a ɗaki ba wanda ya sani. A ta biyu tituna cike suke da mutane da shaguna, tsoho yana iya takowa ya shiga inda ke da sanyi, in ba a gan shi ba za a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ma'aunin zafi ba zai gaya maka wannan ba, likitan da ya duba gawa ma ba zai gani ba. Sai wanda ya taka ya je, ya ƙirga, ya tambaya.

Kyakkyawar niyya ma tana ɓarna

Nan ne nake so 'yar yayata ta buɗe kunne, domin wannan ya fi shafarta a kan masu dariya.

A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na Amurka don kare yara maza daga faɗawa aikata laifi. Aka ɗauki yara, aka haɗa su bibbiyu masu kama da juna a hali da gida, aka jefa kwabo: ɗaya ya shiga shirin, ɗaya a bar shi yadda yake. Waɗanda suka shiga an ba su duk abin da mai tausayi zai yi tunani: mai ba da shawara da ke ziyartar gida, ƙarin darasi, ganin likita, sansanin hutu. Aka yi shekara biyar da wani abu ana yi.

Bayan shekara 30 Joan McCord ta bi sawun mutum 506 daga cikinsu, ta buga abin da ta samu a 1978. Waɗanda aka taimaka wa ba su fi 'yan'uwansu ba. A wasu ma'aunai ma sun fi lalacewa: sun fi maimaita laifi, sun fi shan giya, sun fi mutuwa da wuri. Abin da ya fi ɗaure kai, da aka tambaye su, kusan biyu cikin uku sun ce shirin ya amfane su, suna tuna masu kula da su da alheri.

Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Masu shirin sun gamsu, yaran sun gamsu, iyaye sun gode. Da a ce ba a ajiye rukuni na biyu don kwatantawa ba, da har gobe ana ba shirin lambar yabo ana kwaikwayonsa a wasu garuruwa. Har yau ana muhawara a kan dalilin. Wani bayani mai ƙarfi shi ne tara yara masu rawar kai a wuri ɗaya yana sa su koya wa juna. Haka aka gani da shirin kai matasa kurkuku su ga fursunoni don su tsorata: da aka auna, waɗanda aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya. Garin neman gira aka rasa ido.

Shiri nawa ake ƙaddamarwa kowace shekara a duniya da sunan matasa, da sunan mata, da sunan marayu? Nawa ne daga ciki ake komawa bayan shekara biyar a duba abin da ya faru da mutanen? Yawanci rahoton ƙarshe yana ƙirga kujerun da aka cika ne da hotunan da aka ɗauka. Mutumin da aka horar ya tambayi "idan aka kwatanta da wa?" ba ya da farin jini a wurin taro, amma shi ne kaɗai a ɗakin yake tsaye a madadin waɗanda aka ce ana taimaka wa.

Irin wannan awo yana kuma kashe gardamar da ba ta ƙarewa. Shekara da shekaru a Amurka wasu na cewa ana nuna wa baƙar fata bambanci wajen ɗaukar aiki, wasu na cewa ƙorafi ne kawai. Devah Pager ta tura samari, farare da baƙaƙe, da takardun neman aiki iri ɗaya zuwa wuraren aiki 350 a Milwaukee, wasu suna cewa sun taɓa zaman kurkuku. Sakamakon da ta buga a 2003: farin da ba shi da laifi an neme shi a kashi 34 cikin ɗari, farin da ya yi kurkuku kashi 17, baƙin da ba shi da laifi kashi 14, baƙin da ya yi kurkuku kashi 5. Wato farin da ya fito daga gidan yari ya ɗan ɗara baƙin da bai taɓa shiga ba. Bayan wannan, mai musu sai dai ya nemi wata hujjar.

"Wane aiki za ta samu?"

Wannan tambayar mahaifinta ce, kuma ba zan yi mata dariya ba, domin shi zai biya kuɗin. Akwai gaskiya a cikinta. Likita da lauya da injiniya suna fita da takardar da doka ta ce sai mai ita zai yi wani aiki. Mai digirin zamantakewa ba shi da wannan katanga. Ba ofishin da aka rubuta a ƙofarsa cewa sai shi.

Na kuma san irin ɗalibin da ke sa ake raina fannin. Ya shekara huɗu yana haddace sunayen masana, Comte ya ce, Weber ya ce, Marx ya ce, ya juye a takardar jarrabawa, ya fito bai iya tsara tambayoyi goma da mutum zai amsa ba tare da an sa masa magana a baki ba. Ka ba shi alƙaluma a kwamfuta, zufa ta karyo masa. Wannan kam zai sha wuya, kuma laifin rabi nasa ne rabi na malaman da suka bar shi ya wuce.

Wanda ya fito da sana'ar a hannu daban ne. Ya iya zaɓen mutum dubu da za su wakilci miliyan. Ya iya zama da wadda ba ta yarda da baƙo ba har ta saki jiki ta faɗi gaskiya. Ya iya karanta jadawalin alƙaluma ya gane inda aka yi coge. Ya iya rubuta shafi biyu da mai mulki zai karanta ya fahimta. Hukumomin ƙidaya suna neman irinsa, da shirye-shiryen kiwon lafiya, da gidajen gyaran hali, da ƙungiyoyin agaji, da kamfanonin da ke son sanin dalilin da ya sa mutane ke sayen wannan su bar wancan, da gidajen jarida. Ba zan yi wa kowa alkawarin arziki ba. Amma yunwa ba dole ba ce.

Wani abin ban dariya, ita kanta tambayar yadda ake samun aiki masanin zamantakewa ne ya fi kowa amsa ta. Mark Granovetter ya tambayi ma'aikata a wani gari kusa da Boston yadda suka sami aikinsu, ya buga a 1973 da 1974. Da yawa ta hanyar mutane suka samu, wannan ba labari ba ne. Labarin shi ne yawanci ba aminai na kusa ba ne suka yi musu hanya, sanin shanu ne, mutumin da ake haɗuwa da shi jefi-jefi. Amininka abin da ka sani shi ya sani. Na nesa shi ke jin labarin da bai iso gare ka ba.

"Ilimin Turawa ne, zai lalata mata tunani"

Wannan ba a faɗa da ƙarfi ba a ɗakin, amma na ji ana raɗa shi.

Gaskiya ne Bafaranshe Auguste Comte ne ya raɗa wa fannin suna a shekarun 1830, kuma sashen farko mai zaman kansa a jami'a an buɗe shi a Shikago a 1892. Amma shekara ɗari huɗu da wani abu kafin Comte, Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya ce ya zo da wani sabon ilimi na nazarin zaman ɗan Adam. Ya yi bayanin asabiyya, wato ƙarfin haɗin kai da ke kafa daula, da yadda jin daɗi ke cinye shi har daular ta faɗi. Ya soki masu tarihi da ke kwafe adadin sojoji na ƙarya ba su tambayi ko ƙasar za ta iya ciyar da su ba. Alƙali ne na mazhabar Malikiyya, bai ga wani karo tsakanin imaninsa da wannan bincike ba.

W. E. B. Du Bois, baƙar fata, shi da kansa ya bi gida-gida a wata unguwar birnin Filadelfiya na Amurka, ya buga bincikensa a 1899, don ya nuna halin da mutanensa ke ciki sakamakon tsarin da aka ɗora musu ne, ba jininsu ba. Fei Xiaotong ya yi nasa a wani ƙauyen ƙasar Sin a shekarun 1930. Kayan aikin ba su da ƙabila. Na yarda cewa manhajar jami'o'i da yawa ta cika da misalan Turai da Amurka, ni ma ga shi yawancin misalaina daga can suke, domin can aka fi zuba kuɗi a bincike. Maganin wannan shi ne a sami ƙarin masu binciken da suka san harshen mutanensu, ba a hana waɗanda suke so su shiga ba.

In ana son ganin ranar wannan, a tuna Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo daga 2014 zuwa 2016, inda mutum sama da 11,000 suka rasu. Likitoci sun san ƙwayar cutar, sun san gawa tana yaɗa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kashi 20 cikin ɗari na sababbin kamuwa a wajen jana'iza suke faruwa. Sai aka riƙa zuwa da mota da mutane cikin fararen kaya rufe ruf, a ɗauke mamaci a jaka, dangi ba su san inda aka kai shi ba. Mutane suka fara ɓoye marasa lafiya, suna binne gawa da dare, wasu wuraren har aka far wa ma'aikatan lafiya. Aka ce jahilci ne.

Ba jahilci ba ne, ba wanda zai yarda a jefar da mahaifiyarsa kamar shara. Masana halayyar al'umma da shugabannin addini suka shiga maganar, a watan Nuwamban 2014 aka fitar da sabon tsarin binnewa: a nemi yardar dangi, su tsaya daga nesa su gani, a yi addu'a, Musulmi a yi masa taimama a maimakon wanka a sa masa likkafani. Ƙwayar cutar ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne an tambayi mutane abin da suke tsoro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an sami wanda ya iya tambayarsa.

"Shekara ɗari suna nazarin talauci, ga shi nan daram"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba ni da cikakkiyar amsarta. Sani ba ya zartar da kansa. Rahoto nawa ne masu kyau ƙura ta binne a kan kanta? Mai bincike yana iya nuna wa hukuma inda matsalar take da yatsa, amma in gyaran zai taɓa aljihun masu ƙarfi, sai a gode masa a rufe fayil. Wanda ya shiga fannin yana zaton gaskiya kaɗai ta isa ta motsa masu mulki, zai sha takaici.

Sai dai a lura da wani abu. In da fannin surutu ne kawai, me ya sa masu mulki ke tsarguwa da shi? Ƙasar Sin ta rufe sassan ilimin zamantakewa a jami'o'inta a 1952, ba a dawo da shi ba sai 1979. A Tarayyar Sobiyet an yi ƙidaya a 1937, adadin ya fito miliyan 162, ƙasa da abin da Stalin yake shela, domin yunwa da kisa sun ci miliyoyi. Aka soke ƙidayar, aka kama shugabannin aikin, aka harbe wasunsu. Ko a Janairun 2024 hukumar jami'o'in jihar Florida da ke Amurka ta cire darasin zamantakewa daga jerin manyan darussan share fage. Ba ina daidaita waɗannan ukun ba ne, nisansu da juna ya fi ƙarfin a faɗa. Ina dai cewa ba a damuwa da rufe bakin wanda maganarsa ba ta taɓa kowa.

Kada kuma a ɗauka digirin yana mai da mutum na kirki. Hendrik Verwoerd, wanda ya gina tsarin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu ya kuma yi firaminista daga 1958 zuwa 1966, farfesan ilimin zamantakewa ne a Jami'ar Stellenbosch kafin ya shiga siyasa. A 1964 rundunar sojan Amurka ta ƙaddamar da shirin Camelot don ta yi amfani da masana wajen hango tawaye a ƙasashe masu tasowa, sai da aka yi ca a ƙasar Chile aka soke shi a 1965. Wanda ya san yadda jama'a ke ɗaure da juna ya san inda zai yanka. Tarbiyyar da yarinya ta tafi da ita jami'a ita za ta yanke wa wanda za ta yi wa aiki, ba manhaja ba.

Abin da na gaya mata

Jiya na kira ta a waya. Na ce mata in abin da take so shi ne ta riƙe hannun mutum ɗaya ta fitar da shi daga rami, ta ga sakamakon da idonta, to akwai fannin kula da walwalar jama'a, akwai aikin jinya, akwai koyarwa, kuma babu wanda ya fi wani daraja. Ilimin zamantakewa na mai haƙurin tambayar me ya sa ramin yake nan ne, da me ya sa mutanen wannan layin suke faɗawa na wancan ba sa faɗawa.

Na ce ta ɗauki ɗaya daga cikin abubuwa ukun da ta lissafa, yaran da ke barin makaranta. A wane aji suka fi fita? Maza ko mata? A wane wata na shekara? Na fari a gida ko na ƙarshe? Nisan gidansu da makaranta nawa ne? Wanda ya fita, ina yake da ƙarfe goma na safe, kuma wa ke cin moriyar zamansa a can? Kowace amsa wani magani daban take nunawa, kuma in ba a tambaya ba, abin da za a yi shi ne a buga allo a rubuta cewa ilimi gishirin zaman duniya, a ɗora a bakin titi, yaran da ba su iya karatu ba su riƙa wucewa ta ƙarƙashinsa.

Ta yi dariya. Sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kawu, ni fa gaskiya har da gudun lissafi ya sa na zaɓe shi."

Na ce mata to ta gudu ba ta tsira ba, domin akwai darasin ƙididdiga, kuma shi ne wanda zai ciyar da ita. Ta yi shiru har na zaci layin ya katse. Can ta ce in turo mata sunan matar nan da ta bi sawun yaran bayan shekara talatin, tana so ta ga yadda aka yi ta gano su.